Mura ce ko ƙurar hunturu? Amsoshin tambayoyinku kan magungunan Sin

Wata uwa daga Gusau ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 7 ya yi sati uku yana atishawa, idanunsa na ƙaiƙayi, hancinsa na zubar da ruwa, amma babu zazzaɓi. Ta ba shi amoxicillin har kwalba biyu, shiru kake ji. Me za ta saya?

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, Allah ya ba shi lafiya. Murar da muka saba takan fara da ƙaiƙayin maƙogwaro, majina ta yi kauri, cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce. Mai tsanani, wadda ake kira fulu, rana ɗaya take kayar da mutum da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Abin da kika kwatanta ya fi kama da alaji, wato jikinsa ne ba ya shiri da ƙura. Amoxicillin ba ya maganin alaji, ba ya maganin ƙwayar mura, don haka ki ajiye shi. Ki nemi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani ya auna masa cetirizine ko loratadine na yara; Piriton zai sa shi gyangyaɗi a aji. A yayyafa ruwa kafin shara, ya sa takunkumi ran da aka tashi da hazo. In kika ji ƙirjinsa na yin ƙara kamar fito idan yana numfashi da dare, asibiti za ki nufa a duba ko asma ce.

Wani matashi daga Zariya yana tambaya ko awarwaron maganaɗisu na Sin yana hana mura. Ba ya hanawa. Ka sayi rigar sanyi da kuɗin.

Sai wani magidanci a Kano da aka yi wa tallan shayin Sin a kan naira 15,000. Wai yana maganin alaji, da hawan jini, da sanyin ƙashi, da ƙarfin maza. Kwalin duk rubutun Sinanci ne.

Malam, kada ka saya. Ban raina maganin gargajiyar Sin ba. Daga ganyen qinghao, dangin tazargade, masaniyar kimiyyar Sin Tu Youyou ta fitar da artemisinin, tushen maganin maleriyar da muke sha yau, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Masu maganin gargajiyar Sin suna rarrabe murar sanyi da murar zafi: ta farko citta da jan sukari, ta biyu wani haɗi mai suna Yin Qiao San. Mai yawan atishawa kuma sukan ba shi Yu Ping Feng San, haɗin saiwoyi uku da huang qi ke kan gaba. Amma a can sai an duba harshenka, an taɓa jijiyar hannunka, kafin a haɗa maka. Kai wa ya duba ka? Mai talla da lasifika a bayan mota?

Abin da ke ƙona min rai ke nan. Mutum ya tsaya yana jujjuya shadda a Kwari, yana murzawa, yana shinshinawa, amma abin da zai zuba wa cikinsa ko karanta shi ba ya iya yi. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda saboda an musanya wata saiwar Sin da wata mai guba a cikin maganin rage ƙiba. Ma huang, ganyen da ke buɗe toshewar hanci, yana ɗaga jini yana sa zuciya gudu, shi ya sa Amurka ta hana sa shi a kayan ƙarin lafiya a 2004. Wa ya sani ko yana cikin shayin nan, ga shi kuma an ce maka shayin na maganin hawan jini! Wasu marasa tsoron Allah har maganin asibiti mai ƙarfi da ake kira dexamethasone suke cusawa a ciki, ka ji sauƙi yau, bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau.

In dai sai ka saya, ka nemi lambar NAFDAC, da jerin abin da ke ciki cikin harshen da kake karantawa, da ranar lalacewa. Ka kuma sani cewa lambar maganin gargajiya mai ƙarewa da harafin L ba shaida ce cewa yana warkarwa ba. Sau da yawa a jikin kwalin ma an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda ko hanta, su nisance shi.

Ga 'yar'uwar da ke Maraɗi mai tambayar ko ta ci gaba da feshin hanci na Otrivin: kada ki wuce kwana 5, in ba haka ba hancin zai toshe fiye da da. Zazzaɓin da kika ambata kuwa, a gwada ki maleriya tukuna kafin ki kira shi mura.