Tsohuwar manhaja ta ƙi buga rasit ta firintar ofis: shin in kashe tsaron kwamfuta?

Tambaya: Malam, ina da kantin magani. Manhajar da muke lissafi da ita tsohuwa ce ta FoxPro mai aiki a DOS, tana kan kwamfuta mai Windows XP. Firintarmu Epson LX-300 ta mutu, sai muka ce mu riƙa bugawa ta HP LaserJet 1020 da ke haɗe da kwamfutar akanta mai Windows 10. Rasit ya ƙi fita. Mai gyara ya ce sai an kashe katangar tsaro, a kunna SMB1 (tsohuwar hanyar musayar fayil tsakanin kwamfutoci), a dakatar da sabunta Windows. Duk bayanan bashi da na kaya suna ciki, hankalina ya tashi. In yarda?

Amsa: Alhaji, kada ka yarda. Bayananka lafiya suke, matsalar ta hanya ce da ta harshe.

Manhajar DOS ba ta san USB ba, ba ta san netwok ba, LPT1 kawai ta sani, wato tsohuwar ƙofar da ake jona firinta. Abin da aka saba yi shi ne a karkatar da ƙofar da umarnin net use LPT1 \\sunan-kwamfuta\sunan-firinta /persistent:yes, sunan firintar ya zama gajere, babu tazara a ciki. To amma ko hanyar ta buɗe, 1020 ba za ta buga ba. Irin firintocin nan, su da Canon LBP2900, ba su da ƙwaƙwalwar fassara rubutu, Windows ce ke zana musu shafin gaba ɗaya ta miƙa. Manhajarka kuwa tsurar rubutu take turawa da umarnin ESC/P na Epson. Kurma ake wa waƙa.

Yanzu bari in zo kan mai gyaran nan, don kullum sai na ci karo da ɓarnar irinsa. Dalilinsa na neman SMB1 shi ne XP ba ta jin wata hanyar musayar fayil sai ita. Wannan gaskiya ne. Abin da bai faɗa maka ba shi ne ta wannan ƙofar ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta shiga a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnatin Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Shi ya sa Microsoft ta daina kunna SMB1 a sababbin Windows 10. XP kuma tun Afrilun 2014 aka daina kula da tsaronta. Wato kwamfutar akanta, wadda ake shiga banki da ita, za a mayar daidai da gyatumar XP saboda rasit. Sannan a kashe katangar tsaro a kai! Da ka yi magana sai su ce "wa zai damu da ƙaramin kanti?" Ƙwayar cutar ba ta tambayar girman kanti, laluben ƙofa take yi, duk wadda ta samu a buɗe ta shige. Batun dakatar da sabuntawa ma haka yake: tun da aka toshe ramukan tsaro na sashen firinta a Windows a 2021 kuskuren 0x0000011b ya riƙa bayyana wajen bugawa ta netwok, sai 'yan gaba-gaɗi suka mayar da cire wannan gyaran na tsaro sana'arsu. Mai gyara ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ranar da fayilolinka suka kulle wayarsa a kashe take. Abin takaicin ma, bayan ya buɗe duk wannan, 1020 ɗin ba za ta fitar da ko layi ɗaya ba.

Abin yi: fara da kwafe jakar manhajar duka a filas biyu, ɗaya ya kwana a gida. Sai a ɗora ta kan Windows 10 ta cikin vDos, manhajar da ke tafiyar da manhajojin DOS, wadda ke karɓar abin da aka tura LPT1 ta miƙa wa firintar Windows. Dole ce ta sa, don Windows mai bit 64 ba ta tafiyar da manhajar DOS da kanta. In ba ka son rabuwa da XP, cire ta daga netwok, ka jona mata firintar kai tsaye, ka sa manhajar DOSPRN ta yi tafinta. In kuma rasit mai kwafi biyu kake so, sayi Epson LX-350, tana da tsohuwar mahaɗar LPT, ka jona ka ci gaba da ciniki ba tare da an taɓa saitin komai ba.