Kwandalar rabin dala mai "kuskuren bugu": in saya?

Tambaya: Ina harkar azurfa da tsofaffin kayan ado. Wani ya kawo mini kwandalolin Amurka na rabin dala masu hoton Kennedy, ya ce a ciki akwai masu kuskuren bugu da Turawa ke saye da tsada. Kuɗin da yake nema ya haura na azurfarsu. In saya?

Amsa: Alhaji, fara da abin da ka fi kowa sani, wato sikeli. Ta 1964 kashi 90 cikin ɗari azurfa ce, nauyinta giram 12.5. Daga 1965 zuwa 1970 azurfar ta koma kashi 40, giram 11.5. Daga 1971 waɗanda aka buga don kashewa ba su da azurfa ko kaɗan, in ka dubi gefensu za ka ga jan layin tagulla. Wannan lissafin shi ne kuɗinka na hannu.

Maganar mutumin kuwa tana da tushe. Hatimin ƙarfen da ake buga kwandala da shi wani lokaci yakan fito da aibi, sai duk wadda ya buga ta ɗauko aibin. Akwai ta 1974 mai harafin D (alamar cewa a birnin Denver aka buga ta), wadda rubutunta ya ninku, an fi gani a kalmar TRUST. Akwai ta 1972 mai D da ta 1982 mai P (bugun birnin Philadelphia) waɗanda haruffan FG, na mai zane Frank Gasparro, suka ɓace daga kusa da wutsiyar mikiyar da ke bayan kwandalar, saboda an goge hatimin fiye da kima.

Inda 'yan kasuwa ke ƙonewa shi ne ninkin rubutu. Samo gilashi mai ƙara girma sau goma, ka karkata kwandalar a haske. Ninkin gaske yana da kauri da tudu, ƙarshen harafi ya rabu biyu. In ka ga ninkin a shafe kamar matakala, har harafin ya sirance, inji ne ya girgiza lokacin bugu, kuma masu tarawa ba sa biyan komai a kansa. Shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. FG ɗin ma ana iya kankare shi da hannu, don haka nemi alamar ƙarzo a wurin.

Sai daraja. Ana auna lafiyar kwandala daga 1 zuwa 70, wadda ba ta taɓa yawo a hannu ba tana farawa daga 60. Mai saye a Amurka ya fi yarda da wadda kamfani irin PCGS ko NGC ya tantance ya rufe a roba. Haɗa kuɗin tantancewa, na rubuta nau'in aibin, na aikawa da inshora, duk da dala, za ka ga kwandalar da ta sha hannu da wuya ta mayar da su.

Don Allah kada ka wanke su. Na san hannun mai azurfa ba ya son ganin dusashe, amma goga ɗaya da toka ko man goge ƙarfe tana zubar da darajar, kamfanin ma ba zai ba ta lamba ba. Riƙe ta ta gefe.

Shawarata: yi masa tayi a kan nauyin azurfa kawai. In ya nace akwai mai tsada, ya ware ta, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa sai an tantance an sayar za ku raba abin da ya hau.