Tambayi Mai Gyara: Jarumina mai fugu ya koma dunƙule

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Ni ɗan sakandare ne a Aboabo, nan Kumasi. A gidan gem ɗin layinmu akwai tsohuwar PS3 mai wasan 3D Dot Game Heroes, wanda mutum ke ƙera jaruminsa a ciki da 'yan ƙananan akwatuna. Na ƙera nawa da fugu da hularta. A wurin ƙira ya yi kyau, amma da na shiga wasa da shi sai ya zama dunƙule, ba kai ba hannu, in yana tafiya kuma ƙafarsa ba ta motsi. Abokaina sun ce in bar shi in koma babbar manhaja a kwamfuta. Me ka gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abokanka su dakata tukuna. Wanda bai iya fitar da mutum a ƙaramin fili ba, in ka ba shi babba dunƙulen ne kawai zai ƙara girma.

'Yan akwatunan nan su ake kira boksel. Hoton wayarka ɗige-ɗige ne masu faɗi da tsayi kawai, boksel kuwa yana da kauri, ka ɗauka sukari mai ƙwaya kake jerawa, kowace ƙwaya da launinta ɗaya tal. Wasan da kake magana kamfanin Silicon Studio ne ya yi shi, ya fita a Japan a 2009, ya isa Amurka da Turai a 2010, kuma filin ƙirarsa gida 16 ne ta kowane ɓangare. In ka lissafa, gidaje 4,096 ke nan. Kamar da yawa, ko? To fuskar jaruminka ba za ta wuce gida shida ko bakwai a faɗi ba, a nan za ka sa ido da baki da gefen hula.

Ban ga ƙirar taka ba, amma yaran da ke zuwa shagona a Adum da irin wannan kukan kusan duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe. A wurin ƙira suna kallon jarumin daf da ido, ta gaba. A cikin wasa kuwa kyamara tana can sama da nisa, tana leƙo shi ta ka. Abin da ɗan kallo zai fara gani shi ne saman hula da kafaɗu, ba adon wuyan riga da ka ɓata dare kana yi ba.

Sai zanen fugun. Na san abin da ya ja ka, siraran layukan nan fari da baƙi da shuɗi su ne kyan rigar. Sai dai in ka jera su gida ɗaya-ɗaya, daga nesa ido haɗa su yake yi su koma toka-toka. Ka rage su. Layi biyu ko uku masu faɗin gida biyu sun isa, da launuka biyu da suka yi hannun riga, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske. Kuma ka tuna ko da magariba ka hango mai fugu daga ƙarshen layi, kafin ka ga zanenta ka riga ka gane ta, saboda yadda take matsewa a ƙirji ta buɗe a ƙasa. Wannan buɗewar ita za ka gina: gida shida a kafaɗa, takwas a ƙugu, goma a bakin riga. Hular kuma ka karya ta gefe guda da boksel biyu ko uku, shi ke nan ta fito.

Ga gwajin da nake sa su yi. Ka shafe jarumin gaba ɗaya da launi guda mai duhu, ka ajiye fad ɗin da kake riƙewa ka yi wasa, ka je bakin ƙofar gidan gem ɗin ka waigo. In ka gane mai fugu ne, siffa ta zauna, ka dawo ka sa launi. In ba ka gane ba, duk launin duniya ba zai fitar da shi ba. Kan jarumin kuma kada ka ji kunyar ƙara masa girma, ya ci kashi ɗaya cikin uku na tsayin jiki ko fiye, haka jaruman wasan da kansu suke. Hannu ka raba shi da riga, ko da tazarar gida ɗaya ko da launin fata.

Batun tafiya ya fi sauƙi. Wasan ba ya motsa gaɓoɓi da kansa. Siffa shida yake nema daga gare ka: tsayuwa, taku biyu, sara biyu, da ɗaga hannu na murna, sai ya riƙa sauya su da sauri. Ina kyautata zaton tsayuwar ka kwafa ka zuba a duka shidan, shi ya sa yake sulɓewa. Ka kwafa ɗin, ba laifi, amma a takun farko ka tura ƙafar dama gaba da gida biyu, hannun hagu ya bi ta, a na biyu ka juya. Ka ɗan karkata bakin fugun zuwa baya da gida ɗaya. Wanda ya taɓa kallon rawar Damba ya san rigar ma rawa take yi. Abu guda ka kiyaye: tafin ƙafa ya tsaya a ƙasan filin, tsakiyar jiki ta zauna a gida ɗaya cikin duka siffofin, in ba haka ba zai yi ta karkarwa.

Ka riƙa adanawa bayan kowace siffa, don dumsor, ɗaukewar wutar nan, ba ta sallama. In ka gama, ka roƙi mai gidan ya bar ka ka kwashe fayil ɗin a filashi, tunda na'urar ba taka ba ce, hannu da yawa ke taɓa ta.

Babbar manhajar da abokanka ke nufi wataƙila MagicaVoxel ce. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac, kuma ina son ta. Tana ba ka launi 255 da fili har gida 256 ta kowane ɓangare, wato gidaje 16,777,216. Ko daga 16 ka koma 32 ma aikin ninki takwas ya zama, 32,768. Sannan can babu wanda zai gaya maka abin da wasa ke bukata, sai ka nemo da kanka. Misali Teardown, wasan rushe-rushe na kamfanin Tuxedo Labs na Suwidin da ya kammalu a 2022, yana karɓar fayilolinta, amma kowane boksel santimita 10 ne a wurinsa, kuma gurbin da launi ya zauna a jerin launuka shi ke nuna katako ne ko ƙarfe ko gilas. Ka ƙera trotro, motar haya, ka ɗauko launin jikinta daga sahun gilas, dutse ɗaya zai tarwatsa ta. Ka gama mai fugunka, ka ƙara masa mai waakye da ɗan acaba a filin 16 ɗin, sannan ka zo mu buɗe kwamfuta.

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 12 kullum yana kan wayata yana sauya wa ɗan mutuminsa na Minecraft kaya, yanzu har kuɗin MoMo yake nema wai zai saya masa riga. In ba shi? Daga wata uwa a Nima, Accra.

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, kada ki ba shi, kuma kada ki hana shi wasan. Minecraft ba na banza ba ne, Markus Persson ya fara shi a 2009, Microsoft ta saye kamfanin da ke yin sa a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma sayar da irin kayan nan na cikin hanyoyin samun kuɗinsu. A ɗakin sa kayan akwai na kyauta, akwai na saye da kuɗin cikin wasa da ake kira Minecoins. Abin da yaron bai gaya miki ba, ko bai sani ba, shi ne zai iya zana rigar da hannunsa. Fatar ɗan mutumin hoto ne ƙarami, ɗigo 64 a faɗi 64 a tsayi, da ake naɗa wa jikinsa, kuma wasan waya yana karɓar wanda mutum ya zana ba tare da ko pesewa ɗaya ba. Akwai manhajar Blockbench, kyauta, tana buɗewa a burauzar waya, a nan zai yi.

Ki ce masa ya zana wa mutumin jallabiya da hula irin ta babansa ya kawo miki ki gani. In ya zauna ya yi, kina da mai ƙira a gida, sai ki yanka masa lokaci bayan makarantar allo. Ba zan yi miki alkawarin arziki ba, amma sana'ar tana nan a garinku: Leti Arts, da Eyram Tawia da Wesley Kirinya suka kafa a 2009, a Accra take yin wasanni. Lambar sirrin MoMo kuwa ki riƙe abarki.

Tambaya: Yaya, ba ni da kwamfuta ko PS3, sai Android. Da me zan fara? Daga Sawaba.

Amsa: Ƙanena, don ƙira ka nemi Goxel, tana da ta Android. Don gini a cikin wasa ka ɗauko Luanti, wadda aka sani da Minetest kafin a sauya mata suna a 2024, kyauta ce kuma ba ta wahalar da ƙaramar waya. Ka tsaya a gida 16, yatsa ba ya saiti irin na linzami.