Amsa ga ɗiyata a Garwa kan Hajiya mai biza

Ɗiyata, saƙonki ya iso da asuba, na saurare shi har sau uku. Kin ce wata Hajiya ta zo gida za ta kawo ki Kuwait aikatau, fasfo da biza da kuɗin jirgi duk a kanta, ki riƙa biya daga albashi. Kin ce kin gaji da ganin Innarku a bakin kaskon ƙosai tun kafin kiran salla. Ban ga laifinki ba. Irin wannan gajiyar ce ta fito da ni daga Garwa shekara tara ke nan.

Abin da ya hana ni komawa barci shi ne cewar da ta yi za a ƙara miki shekaru a takarda. Dokar masu aikin gida da Kuwait ta kafa a 2015 ta hana ɗauko wadda ba ta kai 21 ba, ke kuwa 17 gare ki. Ranar da asiri ya tonu, ke ce mai takardar jabu, ita tana can ƙarƙashin fanka tana neman wata.

Ga yadda abin yake. Bizar 'yan aikin gida, wadda muke kira biza 20, a ɗaure take da sunan kafili, wato maigidan da ya ɗauko ki. Da yawansu tun a mota suke karɓe fasfo, duk da doka ta hana. Mafi ƙarancin albashin da aka ƙayyade a 2016 dinari 60 ne, wajen sefa dubu 120, ba dubu 300 da ta faɗa miki ba, kuma a ciki za a riƙa cire bashin. In wuya ta yi wuya kika gudu, ya kai ƙara, 'yan sanda su shiga nemanki.

To a nan ne masu farauta ke jira. Wata za ta kira ki da Hausa ko Fillanci, murya kamar ta uwa: “Taho, akwai ɗaki, akwai aikin kitso.” Kina shiga a kulle ƙofa ta waje. Kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, kuɗin “ceto”, duk a kanki, kuma da jikinki za ki biya maza baƙi. Na ziyarci wata 'yar Marwa a gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wata bakwai ta yi a irin wannan ɗaki, iyayenta na zaton tana reno. Ko a 2019 BBC ta bankaɗo yadda aka saka 'yar Gini mai shekara 16 a kasuwa ta manhajar waya a nan Kuwait, kamar tsohuwar mota.

Hotunana na Salla a Facebook kada su ruɗe ki. Abayar ma ta aro ce.

Ki kunna wa Babanku wannan. Ya tambayi Hajiya kwantiragi a rubuce da lasisin ofishinta, ya kuma tuna mata Kamaru na da dokar hana safarar mutane tun 2011, ku ga ko za ta sake taka ƙofar gidan. Ke kuma ki koma aji. Garwa ta samu jami'arta a 2022, babur ɗaya ne daga gida. Kuɗin rajista da na jarrabawa ina turowa ƙarshen wata ta wayar Innarku, kada ki bari su shige cefane.

Gwaggonki.