Teburin taro mai biniya: yadda za a yi shi ya jure hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Kaduna. Wani ofishi ya ba ni aikin teburin taro na mutum 12, kuma sun ce ba sa son fomaika, zanen katako na gaske suke so a samansa. Na taɓa liƙa biniya a ƙofar kabad da gam irin Evo-Stik, hunturu na shigowa ta kumbura ta tsattsage. Yaya zan yi wannan ya daɗe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Laifin ba na biniyar ba ne. Katako ce aka fere siriri, kaurinta bai wuce milimita 0.6 ba galibi, kuma tana shan danshi da damina ta buɗe, ta motse da hunturu. Gam ɗin da ka yi amfani da shi ba ya ƙanƙarewa, roba-roba yake zama har abada, don haka duk motsin da ta yi sai ya bi ta. Ya dace da fomaika, ko biniyar da aka manna wa takarda a baya. Tsurar biniya kuwa farin gam na katako take so, ko gam ɗin yuriya da ake kwaɓawa, wanda ya fi tauri idan ya bushe. Allon da za ka liƙa biniyar a kai kaɗai za ka shafa wa, siriri, bai ɗaya. In ya yi yawa zai ɓullo ta ramukan katakon ya ɓata maka fuskar.

Sai matsi. In ba ka da jakar da ake zuƙe wa iska, shimfiɗa leda a kai, ka ɗora allo mai kauri, ka gitta sanduna sama da ƙasa ka ɗaure su da ƙarfi, kana farawa daga tsakiya zuwa gefe domin iska ta fita. Bar shi ya kwana. Jera bulo ko buhun siminti a kai ba ya isa.

Abin da kafintoci da yawa ke tsallakewa don rage kuɗi shi ne bayan allon. Dole ka liƙa wa ƙasan teburin biniya shi ma, ko da mai araha ce, zarenta na bin hanya ɗaya da ta sama. In fuska ɗaya ka rufe, ita za ta ja allon ya lanƙwashe kamar faifan da aka bari a rana, kuma babu ƙusar da za ta miƙar da shi. Allon kansa ya zama MDF (allon garin katako da aka matse) ko filawud mai kyau, milimita 18 guda biyu a haɗe. Kayan kuma yawanci daga Kudu suke zuwa ɗauke da danshi, to ka ajiye su kwance a shagonka mako ɗaya ko biyu kafin ka taɓa su.

Awo ba wuya. Kowane mutum na bukatar aƙalla santimita 60, 70 ya fi sakewa. Biyar-biyar a gefe, ɗaya-ɗaya a kai, ka samu tsawon mita 3.6, faɗin 1.2, tsayi santimita 75. Tunda allo ƙafa 8 ne, raba saman gida biyu ka haɗa da noti ta ƙasa. Ka je ka auna ƙofa da benen ofishin tukuna.

Kyan aikin a jerin fallayen yake. Biniya a ɗaure take zuwa, falle bayan falle kamar yadda aka yanko su daga gungume ɗaya. Kafin ka warware, sa musu lamba da alli. Mai zanen gwiwa ko harshen wuta, irin goro na Turai da ake ce wa walnat, ana kifa falle ɗaya a bar ɗaya, sai zanen ya fuskanci juna. Biniyar katakon safele kuwa, mai dogayen ratsi masu sheƙi, ni na fi son a jera ta ba kifawa, don in an kifa, falle ɗaya kan yi haske ɗaya ya yi duhu bayan an fesa banish, mai aiki ya ɗauka kala biyu ka haɗa masa. Gyara bakin fallaye biyu tare a tsakanin katakai miƙaƙƙu, ka haɗa su da tef ɗin takarda, ka ɗaga wa haske. In ka hango rana ta tsakani, sake gyarawa.

Gefen teburin kada ka naɗe shi da biniya, nan ne hannun kujera ke duka. Manna tsurar katako, iroko ko maɗaci, ka goge ya yi daidai da allon, sannan biniya ta hau kansa. Wajen sanfefa ka ja hankali: zana layuka da fensir, ka goga da hannu da lamba 180 sannan 220, kana bin zare, layin na ɓacewa ka tsaya. Injin guga kan huda ta cikin ƙiftawar ido, musamman a baki. Banish ɗin ya shiga sama da ƙasa, har cikin ramukan wayar caji, domin MDF in ya sha ruwan shayi ta nan sai ya kumbura. Ka kuma gaya wa masu ofishin kada su ajiye teburin daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki ko inda rana ke dukansa ta taga.