Fitila ko atisaye?

Kai ma dai, kana koyon aikin gashin ƙashi a wurina, wannan har tambaya ce? Mutum ya haura wata 3 da ciwon baya, ya ce shi gashin fitila, wadda ake haska wa baya ta ɗumama shi, kaɗai yake so, ban da atisaye, wai ko ka biye masa. To biye masa mana! Ya ji ɗumi ya tafi, jibi ya dawo maka a duƙe.

Irinsa ne wani Alhaji mai shagon atamfa da aka kawo mini daga wajen Ƙofar Ƙaura, an rirriƙe shi. Ya ɗaure ƙugu da bel tamau, ya daɗe a kwance, sallah ma a zaune yake yi. Na ce ya kwance bel ɗin, ya ɓata rai. Ni tun can na sani, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a 2023 ta ce bel da injin jan baya ba a ba da shawararsu ga ciwon da ya daɗe. Kwanciya kuwa naman baya take kashewa.

Na kwantar da shi rigingine, ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga ƙugu, ya riƙe, ya sauke. Gumi sharkaf, yana tsine mini a zuci. Na sa shi tafiya masallaci da ƙafa, kullum ana ƙara nisa. Har gida nake bin shi da babur ɗina, da man da na saya da kuɗina, shi kuma kullum "a rubuta, Malam, in kaya sun iso". Da ya fara ruku'u da sujada lafiya lau, sai ɗif. Can na ji yana baza wa 'yan kasuwa wai wani jiƙo na cikin gora ne ya warkar da shi. Ko kwabo! Yanzu in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya juya babbar riga. Allah ya isa.

Sauran atisayen ba sai na tsaya lissafa maka ba, kana gani kullum, in dai wayar nan ta bar ka ka gani. Ku yaran yanzu injin da ke ƙyalli kuke so, tsayawa kan mara lafiya kuwa wahala ce a wurinku.

Abin da ba zan yafe maka ba: wanda fitsari ko bayan gida ya fara ƙwace masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa na saki, ko yana rama da zazzaɓi, kada ka taɓa shi. Asibiti, a ranar. Tarin fuka ma yana cin ƙashin baya.

Tashi ka shimfiɗa tabarmar can, mutum na jira.