Cifset ɗin madabod na buƙatar sanyin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin haɗa bidiyon biki a Kubwa. Na ƙara wa firosesar kwamfutata gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, na kuma sa mata na'urar sanyaya ta ruwa. Wani mai shago ya ce in ja tiyo har kan cifset ɗin madabod, wai in ba haka ba zafin Abuja zai ƙona shi. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka.

Maganar mai shagon tana da asali, zamaninta ne ya wuce. Cifset ɗan ƙaramin guntu ne a kan madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kansa. A da, cifset ne ke tsakanin firosesa da RAM, ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, duk wanda ya ƙara gudu shi yake ɗora wa kaya, ya yi zafin da yatsa ba ya iya zama a kansa. AMD, mai ƙera firosesa, ta mayar da wannan aiki cikin firosesa a 2003 da Athlon 64, Intel ta bi sahu a 2008 da Core i7 na farko. Yau abin da ya rage wa cifset shi ne kula da USB, da faifan ajiya, da makamantansu. Cifset Z790 na Intel wat 6 kacal yake ci, alhali firosesar da aka matsa wa tana iya wuce wat 200. Ko X570 na AMD da ya fito a 2019 da ɗan zafinsa, 'yar ƙaramar fanka ta ishe shi.

Inda nake so ka sa ido shi ne VRM, ƙananan na'urorin da ke jere gefen firosesa suna daidaita mata wuta. Su ke shan wahala. Kuma da ka cire fankar firosesa ka sa ruwa, iskar da ke ɗan hura su ta ɗauke, abin da mutane da yawa ba sa lura da shi ke nan. Sauke manhajar HWiNFO, kyauta ce, ka saki aikin bidiyo mai nauyi na rabin awa da tsakar rana. In cifset yana digiri 60 zuwa 70, lafiyarsa ƙalau. In VRM ya doshi 100, ɗaura fanka ta fuskance shi, ko ka rage gudun.

Ka kuma tuna, kowace mahaɗar tiyo da ka ƙara wata ƙofar yoyo ce, kuma ɗigo ɗaya a kan katin hoto, allon da ke sarrafa hoto da bidiyo, ya isa ya tsayar maka da aikin amarya.

Kuɗin nan, ka sayi fanka biyu masu kyau da UPS saboda ɗauke wuta. In hunturu ya shigo, duk wata ka buɗe akwatin ka hure lagireton na'urar sanyayan da bulowa. Na sha ganin wanda ƙura ta toshe kamar an shafe shi da laka, mai shi yana ta zargin madabod.